Ranar da na koyi raki a Riyad

Ko yanzu da furfura ta cika mini kai, in aka ambaci haihuwa, wata safiya a Riyad ce ke fara faɗo mini a rai, kuma ba zan manta ta ba har in koma ga Mahaliccina.

Tsakiyar shekarun tamanin ne. Maigidana injiniya ne, muna zaune a wani ɗan gidan sama a unguwar Malaz, ga cikin fari, ba uwa ba kaka. Guzurin da na taho da shi daga gida shi ne huɗubar mahaifiyata: 'yar mutunci ba ta raki a kan gwiwa. Na kuwa riƙe ta gam. Na haifi 'yata a asibiti ko uhum ban ce ba.

Kwana biyu da haihuwa zazzaɓi ya rufe ni, jini ya ƙi tsayawa, marata kamar ana yanka. Da nas ta zo, na sunkuyar da kai na ce ina ɗan jin ciwo. Ko taɓa ni ba ta yi ba. Ta ce, “Ma fi mushkila, ba matsala. Ku baƙaƙe ai ƙarfi gare ku, a gona ma kuna haihuwa.” Ta rubuta a sallame ni da azahar, ta wuce gadon wata farar mata har da gyara mata matashi. Yau in na tuna raina ɓaci yake, amma a lokacin, ni sakarya, har daɗi na ji wai an yaba mini.

Akwai wata dattijuwa 'yar Damagaram mai goge ɗakin, kullum da goro a kumatu. Inna nake ce mata. Ta zo shara ƙarƙashin gadona, ta ga zanen gadon, ta dafa goshina. Sai ta yi salati.

“Ke ɗiyata, kashe kanki za ki yi?”

Na ce, “Inna, kunya nake ji.”

“Kunyar wa? Nan gidan surukanki ne? Su waɗannan ba su san kara ba, in kin yi shiru cewa suke ba ki jin zafi. Buɗe baki ki yi ihu!”

Na kasa. Sai ta yar da tsummanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta kwarma nata ihun, ita da kalma ɗaya daga kafilinta, uban gidan da ya tsaya mata a ƙasar, ta isa a tasa ƙeyarta gida. Da na ga haka, ni ma na saki murya. Kai, ashe ina da maƙogwaro! Likita ya rugo, aka duba, ashe ragowar mabiyya ce ta maƙale. Ya ce da na tafi gida a haka, sai dai wani ikon Allah.

Bayan an sallame ni, duk Juma'a Inna sai ta hawo mota daga unguwar Sulay ta yi mini wankan jego da ganyen magarya a ɗan banɗakinmu, ta dama kunun kanwa, tana tsokanata wai sarauniyar dauriya. Har yau ƙamshin magarya yana mayar da ni Malaz. Da muka dawo gida labarinta ya yanke mini. Allah ya saka mata, ko tana raye ko ta riga mu.

Na koyi cewa kunya ado ce a inda aka san darajarta, amma inda aka riga aka raina fatarki, shirunki hujja ce a hannunsu. Shi ya sa ranar da 'yar nan tawa za ta shiga ɗakin haihuwa, na riƙe hannunta na ce, “In ya yi zafi, ki faɗa da ƙarfi. Ni na ba ki izini.”