Biskit ɗin tsohuwata

Lokacin sanyi ne, shekarar da autata ta tafi jami'a, gidanmu na unguwar Stapleton, tsallaken ruwa daga Manhattan, ya yi mini faɗi. Maigida yana tuƙin tasi, sai in kwanta bai dawo ba. Wani lokacin har la'asar ban yi magana da kowa ba sai wata tsohuwar Baturiya da nake aikin kula da ita.

Kullum da yamma takan sa in kawo mata madara da biskit ɗin nan baƙi mai farin kirim a tsakiya. Ta murɗa shi ya rabu biyu, ta lashe kirim ɗin, ta tsoma sauran a madara. Takan miƙo mini ɗaya, in ce na ƙoshi. Matan unguwarmu sun daɗe da faɗa mini da kitsen alade ake yin kirim ɗin, ni kuma ina jin nauyin gaya mata.

A hankali ta daina miƙowa, ta kuma daina yi mini hira. Ashe ta ɗauka ƙyamar hannunta nake. Shirun nan ya dame ni ƙwarai, don ba ni da wata abokiyar hira sai ita.

Rannan na daure na faɗa mata gaskiya da guntun Turancina na makarantar manya. Ta yi dariya har da tari. Ta ce tana budurwa ta yi aiki a Manhattan, a masana'antar da aka fara yin biskit ɗin, wadda yanzu ta zama kasuwa. Inji ne ke buga zanen furen da ke jikin biskit ɗin a kan ƙullin, su kuma 'yan mata suna tsaye suna tsince fasassun. In ta shiga jirgin ƙasa, kowa ya san inda take aiki saboda ƙamshin cakulan a gashinta.

"Da can kam akwai kitsen alade," in ji ta. "Sun cire shi tun kafin ki zo ƙasar nan, man tsirrai ne yanzu. Na da ya fi daɗi, amma ke kin tsira."

Ban ci ba a ranar, zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Ita ma ba ta matsa mini ba.

Washegari na biya shagon wani ɗan Nijar a unguwar Port Richmond na ɗauki fakitin biskit ɗin ɗaya. Ya ce, "Hajiya, 'yar makaranta ta dawo ke nan?"

Na ce a'a, namu ne, ni da tsohuwata.