Ƙarfen da ke ƙafar Inna

Shekarun baya, muna zaune a Gabukka, babur ya buge mahaifiyata tana dawowa daga kasuwa, ƙashin cinyarta ya karye gida biyu. A asibiti likita ya ce ɗori ba zai kama ba, sai an yi aiki an sa ƙarfe an ɗaure da ƙusoshi. In ba haka ba, ƙafar za ta gajarce, ko ma ta daina takawa.

Inna ta ce a mayar da ita gida.

Ni kuwa ban iya rarrashi ba, har yanzu ma ban ƙware ba. Na ce, "Inna, so kike ki gurgunce muna kallo?"

Ta ce, "Ke, rufe min baki. Tukunyar silbar da na saya, ba ce min aka yi ba ta tsatsa ba? Gishiri kawai na bari a ciki damina ɗaya, gindinta ya yi ƙofofi kamar rariya. Shi ne za a sa min irinsa cikin jini? Jinin ba gishiri gare shi ba?"

Gaskiyarta ce, don tukunyar ni na zubar da ita da hannuna. Bappana, ƙanen mahaifina, kuma har ya aika a nemo mai ɗori daga Dawaki.

Da likitan ya zo zagaye, na faɗa masa komai ina huci. Na zaci zai yi mata faɗa. Sai ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Mama, gaskiyarki, gishiri yana cin silba mai araha. Amma silba iri-iri ce. Wannan ƙarfen an haɗa shi da wasu ƙarafa masu tsada, su ne suke yi masa wata fata siririya da ido ba ya gani. Ko an karce ta, da kanta take sake rufewa."

Inna ta ce, "Ƙarfe da fata? Ɗan nan, kada ka mayar da ni yarinya."

Ya yi dariya, ya fita, ya dawo da wata ƙusa mai zare irin wadda suke nuna wa ɗalibai. Ya ce ta gwada ta yadda ranta yake so, amma kada ta daɗe, ƙashi ba ya jira.

Ta sa na kawo ruwa a kofin roba da gishiri da tsamiya, da ƙusar kafinta guda. Ta karɓi wuƙar yanka lemo ta kankare ƙusar likitan har hannunta ya gaji, sannan ta jefa duka biyun a ciki, aka tura ƙarƙashin gado. Matan ɗakin suka sa mata suna Injiniya. Ni kunya ta ishe ni. Ƙafa tana kumbura, mu muna gadin kofi! Kullum sai na ce, "Inna, ya isa haka." Ta ce, "Ƙafarki ce?"

Wata safiya ta ce in jawo kofin. Ruwan ya koma ja, ƙusar kafinta ta ci tsatsa. Ta likitan kuwa ta goge ta da bakin zane, ta juya ta a hasken taga tana neman inda ta kankare. Fes take. Sai ta ce a sallami mai ɗori, a kira likita.

Da ya zo, tambaya ɗaya ta yi masa: "In na mutu, da shi za a binne ni?"

Ya ce, "Da shi, Mama, in ba a cire ba."

Ta ce, "To. Ni in ruɓe, shi ya rage. Allah mai iko. A yi."

A lokacin na gane ba gardama take ba, tsoro ne, kuma ita ba ta iya cewa tana jin tsoro. Da hannunta take so ta taɓa abin kafin ta yarda ya shiga jikinta. Ni da na yi sakandare, maganar likita kawai na haddace, ban taɓa tambayar dalili ba.

Aikin ya yi kyau, sai dai jinyar ta ja. Watanni tana sallah a zaune, abin da ya fi karayar yi mata ciwo. Ran nan na shigo da la'asar na tarar da ita a tsaye kan darduma, sandarta a jingine da bango. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo har ta kai goshinta ƙasa, ta kuma miƙe da kanta.

Da ta sallame ta waigo ta ce, "Kallon me kike? Je ki ɗora ruwa."