Batir Huɗu a Kan Rufin Kwano

Har yau in na ga batir sai raina ya ɓaci, kuma yayan mijina ne ya jawo min. Ya rasu tuni. An ce in yafe masa, na yafe da baki, zuciyar ce ta ƙi.

Lokacin yaƙin basasa ne. Maigidana ya shiga soja, ya bar ni a gidansu na Gaya da cikin wata uku. Muna tare da tsohuwarsu da muke kira Inna, sai kuma Yaya, wanda komai na gidan ke hannunsa. Kafin maigidana ya tafi ya sayar da gyaɗarsa ya sayo rediyo mai cin batir huɗu. Ya ajiye min a gefen gado ya ce, "Ki riƙa kunnawa. Ana ba sojoji dama su gaida gida, wata rana za ki ji ni."

Ko sati bai yi da tafiya ba Yaya ya sa aka ɗauke rediyon, wai mata ba su san tattali ba.

Tattali! Mutumin da ke tsaga ashana gida biyu da reza. Kananzir da murfin kwalba yake auna mana, lagwanin fitila kuwa ya murɗe shi ƙasa har sai ka laluba kafin ka sami kwanon tuwonka. Wutar girki ma sai dai a ɗebo garwashi a maƙwabta. Duk wannan na haƙura, ai ba a kaina aka fara ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne batir. Mutane kan shanya shi a rana in ya yi sanyi don ya ɗan farfaɗo. Shi kuwa ko sabo ne, da ya gama jin labaran safe sai ya zare su, ya taka turmi ya jera a kan rufin kwanon ɗakinsa, ya kulle rediyon ya zura makulli a aljihu.

Shirin gaisuwar sojoji sau ɗaya ake yinsa a mako, bayan azahar, kuma ya faɗo ranar kasuwar Ajingi, inda Yaya ke kai hatsi. Duk ranar sai na durƙusa a ƙofar ɗakinsa, da cikina da komai.

"Yaya, don girman Allah a bar min rediyon yau."

"Ke, sojoji nawa ne a ƙasar nan? Sai mu ƙone batir muna jiran mutum ɗaya?"

Inna ta taɓa sa baki ta ce, "Haba ɗan nan, ƙaninka ne fa." Ya ce, "Inna, ku ba ku san yadda ake samo shi ba." Ya kama hanya, ya bar mu muna kallon batir huɗu suna shan rana.

Wata ranar kasuwa, cikina na wata takwas, ya dawo da yamma baki har kunne. Ban taɓa ganinsa da fara'a haka ba. Ya tsaya tsakar gida ya ce, "To, mai kuka, mijinki ya yi magana. Na ji shi da kunnena a rumfar wani tela. Kun ga, mun ji a rediyon wasu, namu batirin ko taɓa shi ba a yi ba!"

Muciya ce a hannuna, na sake ta cikin tukunya. Kunyar da ke tsakaninmu duk na manta da ita, na ce, "Me ya ce?"

"Gaisuwa dai. Ya gaida Inna, ya gaishe ni."

"Ni fa?"

"Ya ambace ki. Ya kuma faɗi wani abu a kan abin da za ki haifa, suna ne ko mene ne, oho. Lokacin wani na taya min dawa, ban ji sosai ba."

Wallahi ban san sanda na ce masa mugu ba, a gaban Inna, a gaban matarsa. Na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Ya ce ba ni da tarbiyya. Na ce ya shanya tarbiyyar a kan rufi tare da batirinsa. Inna ba ta tsawata min ba, ɗaki ta shige tana share ido da gefen zane.

Na haifi mace. Ba ta yi wata huɗu ba aka kawo mana jakar maigidana da takarda, shi bai dawo ba. Batiran nan kuwa zafin kwano ya sa suka kumbura suka tsiyaye, Yaya ya watsar da su a bola da kansa.

Yarinyar ta girma, ita ma yanzu kaka ce. In ta zo sai ta yi ta min faɗa wai ina barin rediyo a kunne ba mai saurare, in ce ta bar shi ya ci. Sau ɗaya ta taɓa tambayata, tana 'yar shekara goma, abin da babanta ya faɗa a kanta ranar nan. Na ce mata baffanta yana cinikin dawa, bai ji ba.