Tsawon Oga

Dogo bai taɓa fitowa a fim ba, amma ya fi jarumai da yawa shan zafin fitila. Aikinsa ke nan: kafin a ɗauki Oga, jarumin nan da ake gayyata ƙasa-ƙasa yana fim da yarukan mutane, Dogo ne ke tsayawa a gurbinsa har a gama saita fitilu da kyamara. Ba boko, ba sana'ar hannu. Tsawonsu ne kawai ya zo ɗaya cif, shi ya kai shi garuruwan da ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. Ya tsaya cikin ƙanƙara, ya tsaya bakin teku, har furfura ta fito masa.

Sai baya ya ci amanarsa, ya fara ranƙwafawa. Matarsa ce ta fara gani, ranar da ya kasa sauko mata da akwati daga saman kabad.

"Maigida, kai ne ka rage ko kabad ɗin ne ya yi girma?"

Ta yi dariyarta, shi kuwa hankalinsa ya tashi. Sabon fim na tafe a wata ƙasa, kuma ba a tafiya sai an sake gwaji. Wayyo Dogo! Ya yi lilo a jikin ƙarfen ƙofa har tafinsa ya sale. Ya kwanta a siminti, 'yarsa na jan ƙafafunsa tana cewa, "Baba, wallahi kauri kake ƙarawa." Ya cusa kwali a takalmi, alhali ya san ba da takalmi ake gwaji ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don in ba wannan tsayuwar ba bai san me zai yi da kansa ba.

Ranar gwaji suka haɗa baya shi da Oga a ɗakin ɗaukar fim. Mai kyamara ta ɗora katako bisa kawunansu, ta ja da baya tana ƙanƙance ido. Dogo ya miƙe har ƙugunsa na ƙara. Ina! Katakon bai ko taɓa gashinsa ba.

Can sai ya ji kafaɗun Oga suna zamewa ƙasa a hankali. Ashe gwiwa ya ɗan lanƙwasa cikin wandonsa mai faɗi. Katako ya zauna.

"Daidai," in ji mai kyamara.

Dogo na jin ƙafafun mutumin suna rawa ta bayansa. Ya samu tafiya. Amma ya san aikin: in aka saita fitila da wannan tsawon nasa, duhu zai sare goshin Oga a gaban duniya.



"Miƙe, Oga," in ji Dogo. "A sake gwadawa."