Sifirin Pyo Man-sik

Pyo Man-sik maƙwabcina ne a birnin Daegu. Shekara talatin da ɗaya shagonsa na buga takardu yana kallon ƙofar baya ta makarantar likitanci, nawa na gyaran agogo yana jingine da nasa. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma likitoci da yawa a garin nan da takardunsa suka ci jarrabawar samun lasisi.

Ɗaliban suna da wata al'ada. Ranar jarrabawa kowa zai haddace tambaya ɗaya ko biyu, da an fito a rubuta tare da amsoshi, a kai wa Man-sik ya buga ya ɗinke, a bar wa na baya. Jokbo suke kiran kundin.

A shekararsa ta biyu yatsansa ya zame. Wajen awon wani maganin yara, maimakon biyar sai ya buga hamsin. Ɗaliban sun gani, amma mu nan ba a yi wa babba gyara a gaban idonsa. Duk wanda ya sayi kundin sai ya soke sifirin da jan biro, ya nuna wa na bayansa. Daga baya Man-sik ya lura. Kunya ta hana shi taɓa shafin, tunda yaran suna gyarawa. Ni kaɗai ya gaya wa.

Bara, saura mako uku jarrabawa, ina zaune a shagonsa sai ga Ok Da-som, shugabar 'yan ajin ƙarshe, rungume da kwamfuta.

"Kaka, bana ka huta," in ji ta. "Mun ba ƙirƙirarriyar basira kundinka ta haɗiye, ta haifo mana tambaya dubu biyu. Bugawa kawai ya rage maka."

"Wane kundin kuka ba ta?"

"Mai tsabtan nan da ka tura mana ta kwamfuta. Wa zai taɓa tsofaffin? Duk romon taliya ne a jikinsu."

'Yan ajinta a waya suke karatu. Babu wanda ya taɓa ganin jan biron.

Man-sik ya sa tabarau ya nemi sunan maganin. Hamsin ɗin ya fito wuri goma sha huɗu, kowanne da bayani mai daɗin karantawa. Ya dubi na'urar bugawa, ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa.

Ya miƙe a hankali, ya haɗa ƙafafunsa, ya sunkuya wa yarinyar da ba ta wuce jikarsa ba.

"Kaka, lafiya? Bayanka zai riƙe fa!"

"'Yata, biyar ne, ba hamsin ba. Sifirin nan nawa ne. Ya girme ki."

Ta sake duban kwamfutar. Sannan ta ce, "To ɗago mana. In wani ya leƙo, ni za a ce ba ni da tarbiyya."

Ya ce ba zai buga ko shafi ɗaya ba sai an gwada kowane awo da littafin magunguna. Ta kira mutum shida. Kwana huɗu suka yi a shagon, shi yana karanta lamba, su suna duba littafi.

Sun sami wasu kurakurai biyu a awon wasu magunguna. Man-sik ya ciro tsofaffin kundaye daga ƙarƙashin kanta, ya bi su shekara bayan shekara. Waɗannan biyun ma suna ciki tun da daɗewa, babu wanda ya taɓa soke su.

Ya tambayi Da-som ko ana yawan ba da magungunan. Ta ce ɗaya dai ba sosai ba. Bai tambaye ta na biyun ba.