Ciɗo da Haƙarƙarin Mota

Ciɗo mai sudur ɗan Barmu ne, daga gidan maƙera. Lokacin da tsararrakinsa suka riƙa hawa mota zuwa Abijan neman na kansu, shi bai je ko'ina ba, don idon mahaifinsa ya yi rauni kuma babu mai riƙe maƙera. Bayan rasuwar tsohon ya tattara ya dawo Tawa, ya koyi sudur, wato liƙin ƙarfe da wutar kuran ta lantarki, ya kafa rumfa a bakin hanyar da ta yi arewa. Ƙofofi, tagogi, gadaje, amalanken jaki, duk yana yi. Ba shi da yawan magana, kuma abin da ya liƙa ba ya dawowa gyara. Shekara da shekaru, in aka yi zancen ƙarfe a layin nan sunansa ake kira.

Rashidu ɗan ƙanen ubansa ne, gida ɗaya suka tashi, Ciɗo ne babba. Shi Rashidu ya je Abijan, ya daɗe a wani garaji, ya dawo da injin sudur nasa na kansa da kuma baki mai daɗi. Ciɗo ya yi murna da dawowarsa, shi ne ma ya nema masa wuri a tsallaken hanya, daidai da rumfarsa. Da rana Hafsatu, matar Ciɗo, takan aiko da abinci, su ci a kwano ɗaya.

Abin ya faro ne daga motar Issouf, wani direba mai tsohuwar katkat, motar shiga daji, da ke kwasar mutane da awaki da buhunan hatsi daga Tawa zuwa kasuwannin da ke gaba da Takanamat. In damina ta wanke hanyar nan, baƙin dutsen ƙasar Adar yakan fito tsaye kamar haƙora. Wata rana yana gangarawa wani kwari, dutse ya daki gindin ƙofa ya lotsa shi, ƙofar ta ƙi buɗuwa, fasinjoji suka riƙa fita ta taga. Wurin Ciɗo ya fara kawo ta, don shi ke yi masa gyara tun da can. Ciɗo ya bubbuge wurin har ƙofa ta buɗe. Da Issouf ya tambaye shi ko akwai abin da za a yi don kada a maimaita, sai ya ce masa maganin ba a ƙarfe yake ba, ya riƙa duba gabansa.

Ba a jima ba dutse ya ci ɗaya gefen. Wannan karon Issouf ya karya kan motar zuwa tsallaken hanya.

Ciɗo yana zaune yana kallo. Ya ga Rashidu ya shiga ƙarƙashin mota da kwali da almakashi, yana yanka yana gwadawa. Ya ga an kawo tsofaffin bututun foraj, na rijiyar burtsatse, masu kauri, an ɗura musu rairayi, an gasa an lanƙwasa. Da motar ta fito, kowane gefe yana da dogon bututu daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, an kafa shi da gajerun ƙafafu a jikin shasi, ƙarfen da ke ɗauke da motar, yadda dutse zai sami bututu ya zame maimakon ya sami ƙofa. Rashidu ya sa jak ƙarƙashin bututun ya ɗaga rabin motar a gaban jama'a, bututu ko gezau. Direbobin tasha suka raɗa wa abin suna haƙarƙari, ba su kuma tsaya nan ba, sai da suka ce haƙarƙarin Rashidu.

Ran nan Ciɗo bai tsallaka cin abinci ba, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Washegari ma haka. Ba wanda ya gaya wa Hafsatu, ta fara zuba abincin a kwano biyu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne dabarar ba ta fi ƙarfinsa ba. Lanƙwasa bututu da rairayi ya iya shi tun Rashidu bai taɓa injin sudur ba. Motar kuma hannunsa ta fara zuwa, ya kwanta ƙarƙashinta, ya ga shasin nan da idonsa, amma tunanin bai zo masa ba. Duk wanda ya zauna a rumfarsa sai ya ji cewa abin nauyi ne kawai da shan mai, kuma ba zai kai kaka ba. In Issouf ya dawo daga daji, Ciɗo yakan sami dalilin bi ta tasha, yana gaisawa da mutane idonsa na gefen motar. Bututun yana nan, sai dai ƙarin ƙarzar dutse, Issouf kuwa yana nuna wa mutane kowace ƙarza yana faɗin kwarin da aka yi ta.

Wata rana da hantsi ya tarar da motar babu kowa kusa. Ya durƙusa ya leƙa, daga nan ya kwanta rigingine ya shige. Ya shafa inda ƙafafun suka haɗu da shasi. Kai tsaye Rashidu ya liƙa su da wuta, kuma a gefen liƙi ɗaya farcen Ciɗo ya ci karo da siririyar tsaga. Ya san shasi yana murɗawa in mota ta hau dutse, liƙi kuwa ba ya murɗawa, wata rana sai ya ɓalle. Yana fitowa sai ga Issouf tsaye a kansa.

"Malam Ciɗo, mi kake biɗa ƙarƙashin motata?"

"Gorona ne ya gangara," in ji shi, yana kakkaɓe riga.

Bai gaya wa Issouf abin da ya gani ba, bai gaya wa Rashidu ba. Ya koma rumfa da wani sauƙin zuciya da ya daɗe bai ji ba, ya cinye abincinsa tas. Da ya ba Hafsatu labari da la'asar yana murmushi, ta dube shi ta ce motar nan mutane take ɗauka, har da mata masu goyo. Ya ce ai bututu ne zai faɗi, ba taya ba. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Daga nan ya jingine ƙofofin mutane ya zauna tsara nasa. Ya yanki faifan ƙarfe mai kauri da zai rungumi shasi ciki da waje, a ɗaure shi da bulon, ƙusa mai noti, maimakon wuta. Kowace ƙafa ya tokare ta da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku. Ya bar tazarar yatsa tsakanin bututu da jikin mota don kada su riƙa gugar juna, ya kuma shimfiɗa ƙarfe mai faɗi a sama yadda tsoho zai taka ya hau. Sai dai babu motar da zai ɗaura wa. Wanda ya fara zuwa shi ne Alhaji Yunusu, wani ɗan Damagaram mai fataucin dabbobi, shi ma ya faɗa da bakinsa cewa layin Rashidu ne ya yi masa tsawo. Ciɗo ya haɗiye wannan, ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Bayan sallar Juma'a ya ji Alhajin yana nuna wa abokansa motar yana cewa shi ma ya sa haƙarƙarin Rashidu, a wurin wansa aka yi masa. Ciɗo ya ɗauki takalmansa ya bi ta wata hanya.

Da kaka ta yi, haƙarƙarin motar Issouf ya ɓalle a bayan Takanamat. Ba wanda ya ji ciwo, amma ƙafar ta tafi da ɗan ɓangaren shasin, aka ɗaure bututun da igiya aka lallaɓo gida. Washegari Rashidu ya tsallako hanya, ya tsuguna ya gaida Ciɗo.

"Yaya, na ga na Alhaji. Ka gwada mini yadda ka kama shasin nan."

Ciɗo ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya bar shi a tsugune har ya gama liƙa wata taga, sa'an nan ya jawo faifan ƙarfen ya shiga bayani, da muryar da ta isa direbobin da ke shan shayi a gefe su ji. Bai ɓoye masa komai ba. Rashidu ya yi godiya, ya miƙe, sai ya juyo ya tambaye shi ko dama ya san nasa zai ɓalle. Ciɗo ya ce shi ba ya duba, ƙarfe yake liƙawa. Rashidu ya ce to, ya koma. Issouf kuwa, da ya taɓa kama shi ƙarƙashin motar, yana cikin masu shan shayin, kuma tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsa da Ciɗo, bai sake kawo masa ko gyaran makulli ba.

Rashidu ya ɗauki dabarar bulon, ya ƙara da baƙin fenti mai sheƙi, yana ɗaukar hoto a waya yana tura wa mutane. Fararen motocin ma'aikata masu zuwa ƙauyuka suka koma wurinsa. Ciɗo ma aiki ya ƙaru masa fiye da da, direbobin daji da ba ruwansu da fenti suna zuwa, har ya rufe rumfarsa da sabon kwano. Amma har yau in farar mota ta tsaya a tsallake yakan ɗaga gilashin fuskarsa ya bi ta da kallo, in ta tafi ya ce fentin ya yi yawa.

Bara matar Rashidu ta haihu. Ranar suna liman ya ce an sa wa yaro Abdullahi, sunan yankan Ciɗo ke nan, wanda ko a Barmu kaɗan ne suka san shi. Aka miƙa masa jaririn, ya riƙe shi a hannuwansa masu tabon wuta, ya yi masa addu'a mai tsawo, har ya riƙa goge ido da hannun riga. A hanyar gida Hafsatu ta ce ƙanensa ya kyauta. Ya ce ya kyauta ƙwarai. Suka yi ɗan tafiya, sa'an nan ya tambaye ta ko ta lura da ragon da aka yanka. Ya ce rago irin wannan ba don suna aka saye shi ba, don a gani ne.