Madubin Zibrim

A Salaga aka haifi Zibrim, a Yendi ya koyi gyaran rediyo, ya zauna a Bawku shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kiransa ɗan gari ba. Da rediyo ya daina kawo abinci, ya koma gyaran waya. Ba ya zaman hira, ba ya bayan kowa a rigimar garin. A Bawku wannan kaɗai ya isa a sa wa mutum ido.

Wani malamin sakandare ne ya jawo masa. Ya kawo gyara, ya zauna yana ba shi labarin wasu taurari biyu da ke kewaya juna. Ƙaramin yana zuƙar iskar babban, in ta taru masa sai ta fashe, kusan duk shekara tamanin. Rabonsa da yin haka tun 1946. Masana sun shirya manyan na'urorinsu, amma ba wanda ya san ranar, shi ya sa suke so mutane ko'ina su riƙa dubawa suna aika rahoto. Da aka mayar da malamin Zebilla, ya bar wa Zibrim madubin hangen nesa.

Tun daga nan, in duhun magariba ya sauka, sai Zibrim ya hau rufin shagonsa. Ya duba, ya rubuta lambar hasken tauraron a littafi, ya tura wa masanan ta waya. A garin da ake dokar hana fita.

Matarsa Rafi'atu ta ce, "Maigida, jiya maƙwabciyarmu Abida ta tambaye ni wa kake ƙirga wa gidaje."

"Sama nake kallo."

"Su daga ƙasa suke kallonka. In aka kore mu, gidan wa za mu a Salaga?"

Ranar Laraba mai unguwa, Alhaji Hudu, ya zo da Sayibu mahauci. Suka hau rufin, ba a ko gama gaisawa ba.

"Malam Zibrim, nuna mana abin."

Ya saita musu madubin. Sayibu ya daɗe yana leƙe.

"Wannan ɗigon? Kashin ƙuda ya fi shi girma! A kansa kake ba Turawa labari kullum?"

"Bai fashe ba tukuna."

"Yaushe zai fashe?"

"An ce bara. An kuma ce bana."

"Ka ji ko, Alhaji? Ya san za a yi fashewa, ranar ce ba zai faɗa ba."

Alhaji Hudu bai yi dariya ba. Ya karɓi littafin, ya bi lambobin da yatsa, goma, goma, goma da ɗigo biyu, shafi bayan shafi. Ya ce, "Ni ban ce ƙarya kake ba. Amma wanda zai harbo ka daga can tsallake ba zai tambayi sunan tauraro ba. Ko madubin ya kwana gidana, ko kai ka kwana Salaga."

Zibrim ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya miƙa.

Yanzu a ƙofar shago yake tsayawa, yana duba sama da ido kawai, don an ce in abin ya faru ko makaho-makaho zai gan shi na 'yan kwanaki. Rahotonsa kullum ɗaya ne: ba a gani ba. Masanan suna karɓa. Sayibu kuwa ya matso da teburin namansa kusa da shagon, kuma duk saƙon da zai fita sai an karanta masa.